Gansakukar Da Ta Tsai Da Kasuwa A Kanada

Ko wane manomi ya san gansakuka, koren abin nan da kan rufe bakin kududdufi da rani. To, teku ma tana da irin tata. Ita ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai da madubin likita. Yawancinta ba ta da illa, ita ce ma abincin ƙananan kifaye. Amma akwai wadda ke ɗauke da guba, in kuwa ta sami abinci ta yi yawa, sai ta zama masifa ga masu neman abinci a bakin teku. Ga labarin yadda ta taɓa yi wa waɗansu mutanen Kanada, da dabarar da suka yi.

A gabashin Kanada akwai wani tsibiri da a ke kira Tsibirin Yarima Edward. Ƙasarsa ja ce, mutanensa kuwa sun shahara da noman dankalin Turawa. Ban da dankali suna kiwon ƙumba, watau halittar nan ta ruwa mai ɓawo biyu, wadda Turawa ke cin namanta. Sukan zuba 'ya'yanta cikin dogayen jakunkunan raga, su rataya a igiya cikin ruwa, har ta girma a kai kasuwa. Ba a ba ta abinci. Ita ke tsotsar ruwa dare da rana, tana tace abin da ke ciki tana ci. Nan ne fa hatsarin ya ke, don in ruwan na da gansakuka mai guba, sai gubar ta taru a cikinta, alhali ita ko a jikinta.

CUTAR MANTUWA

A ƙarshen watan Nuwamba na 1987 sai aka fara kai mutane asibiti a birnin Montreal da waɗansu wurare. Da fari amai da gudawa da murɗar ciki, daga baya waɗansu su rikice, su kasa tuna abin da aka gaya musu yanzu yanzu. Da likitoci suka bi diddigi, sai suka ga duk sun ci ƙumbar da aka kwaso daga bakin kogin Cardigan, a gabashin tsibirin. Mutum fiye da 100 suka kamu, 3 suka rasu, waɗansu kuwa mantuwar ba ta sake su ba har bayan sun tashi.

Gwamnati ta hana sayar da ƙumbar nan da nan. Kasuwa ta tsaya cik ana dab da Kirsimeti, lokacin da a ke ciniki sosai. Mai kiwo yana kallon dukiyarsa a rataye cikin ruwa ba halin taɓawa, ɗan kasuwa ya rasa abin saye, mai mota ya rasa lodi. Abin da ya fi damun kowa shi ne ba a san abin da ke kisan ba, balle a san ranar da za a buɗe.

AN GANO ƁARAWON

Sai masana suka taru a ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Bincike ta Ƙasa a birnin Halifax. Suka riƙa rarraba ruwan naman ƙumbar kashi kashi, suna yi wa ɓeraye allurarsa. Duk kashin da ke da gubar, sai a ga ɓera yana susar kafaɗarsa da ƙafar baya. Da haka suka yi ta tacewa ba barci, cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i suka kama ta. Sunanta domoyik asid.

Abin mamaki, ashe ba baƙuwa ba ce. Tun wajen shekara 30 kafin nan masanan Japan sun ciro ta daga wata jar ciyawar teku da mutanensu ke sha don maganin tsutsar ciki. Kaɗan magani, da yawa ajali. Illarta ita ce takan ƙona sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe sabon abu, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Bayan haka aka tabbatar wata gansakuka siririya kamar allura ce ke yin gubar, ita ce ta cika ruwan Cardigan a wannan kaka. Me ya sa ta yi yawa haka? Masana sun lura an yi doguwar rani a shekarar, sa'an nan ruwa ya sauko da ƙarfi. Waɗansunsu suna ganin ruwan ne ya wanko sinadarin naitiret daga tudu zuwa kogi. Naitiret kuwa shi ne abin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar. Abin da ke ciyar da dankali shi ke ciyar da gansakuka.

GADIN RUWA

Tun daga nan aka kafa gadi. Ma'aikata kan fita da kwalekwale a kai a kai, su ɗebo ruwa a kwalba, a ƙirga gansakukar da madubin likita, su kuma kwaso ƙumba a auna namanta. An yanke iyaka: in gubar ta kai miligiram 20 a kilo ɗaya na nama, watau kusan nauyin ƙwayar shinkafa guda, sai a rufe wurin. Ba a buɗewa sai an gwada sau da dama a jere an ga ta sauka, don ƙumba takan zubar da gubar da kanta in ruwa ya gyaru. Ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan awo. Yanzu har da tauraron ɗan'adam a ke duba launin teku daga sama, amma hukunci yana hannun mai kwalba da mai awo.

Amfanin gadin bai daɗe bai bayyana ba. A kakar 1988 gansakukar ta komo Cardigan, amma an gan ta da wuri, aka rufe wurin kafin kaya su fita. Kasuwa ta farfaɗo, har tsibirin nan ya zama shi ke ba da mafi yawan ƙumbar da a ke kiwo a Kanada. Mai saye ya sami natsuwa, don ya san akwai mai duba masa. Gubar dai ba ta ƙare a duniya ba: a 2015 ta sa an jinkirta kamun ƙaguwa wata da watanni a Kalifoniya ta Amurka.

Manomi na da abu biyu da zai ɗauka a nan. Na farko, takin da aka watsa a sarari ana shirin ruwa mai ƙarfi, ko aka zuba a bakin rafi, ba duka shuka ke ci ba. Ruwa kan tafi da shi, mai gona ya yi asarar kuɗinsa, na ƙasa da shi kuma ya sha wahala. Gara a binne shi a gindin shuka, a raba shi kashi biyu, a bar ciyawa tsakanin gona da rafi. Na biyu, ma'aikacin da ya zo auna kaya kafin a kai kasuwa ba abokin gaba ba ne. Rufewar mako biyu ta fi ɓacin suna na shekara goma sauƙi. Rigakafi, an ce, ya fi magani.