Mu karanta farashi kafin mu biya

Ranar kasuwa, wani manomi ɗan ajinmu na yaƙi da jahilci ya je kanti sayen maganin ƙwarin wake. Ya daɗe tsaye, yaron kanti bai ko dube shi ba. A jikin kwali an rubuta 1.500 F, amma aka ce ya biya dala ɗari uku da hamsin. Sai ya yi lissafi: dala ɗaya tamma biyar ce, 1.500 kuwa dala ɗari uku ke nan. Ya kai kuka ga mai kanti, aka maida masa dala hamsin.

Ƴan uwa, mu raba lambar da aka rubuta gida biyar, mu samu dala. Kuɗin guminmu ne, kada kunya ta hana mu magana.