Yadda A Ke Gane Ainihin Girman Injin Tsohuwar Mota

Sau da yawa in ana cinikin tsohuwar mota sai ka ji mai sayarwa ya bugi ƙirji ya ce, "Wannan ai dubu ɗaya da ɗari shida ce." Mai saye kuwa sai ya dubi lambar da ke manne a bayanta, ya ga haka a ka rubuta, ya zaro kuɗi ya biya. Sai ran da inji ya ɓaci, a ka sayo fistan ya ƙi shiga, sa'an nan a gane an yi cinikin biri a sama. Don haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda a ke gano gaskiyar wannan al'amari. Ba wani abin wuya ba ne, lissafin nan ne da mu ke shirin koya wa yara.

Da farko mu san abin da a ke nufi da girman inji. Ba nauyinsa ba ne, ba kuwa tsawon ƙarfensa ba. A cikin inji akwai ramuka kamar gwangwanin madara, ana kiransu silinda. Cikin ko wace akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Filin da fistan ya ke sharewa tun daga can ƙasa inda ya ke tsayawa har ƙarshen hawansa, in an tara na dukan silindojin, shi ne girman inji. Ana auna shi da si-si. Si-si ɗaya shi ne cikin ɗan akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita ɗaya ɗaya ne, si-si 1,000 kuwa lita ɗaya ke nan. Mutanen Amurka a dā da inci su ke nasu awon, nasu ɗaya ya ɗara si-si 16 kaɗan.

To, me ya hana mu yarda da sunan da ke jikin mota? Dalili na fari, masu ƙera motoci su kan cika lamba don daɗin faɗi. Volkswagen ɗin nan mai ƙirar kunkuru, wadda a ka fara haɗawa a Ikko a 1975, in an ce 1200 ce injinta si-si 1,192 ne, 1300 kuwa 1,285, 1500 kuma 1,493, 1600 kuwa 1,584. Wannan ragi da sauƙi. Na Morris Minor 1000 ta Ingila ya fi ruɗarwa. Da ta fito a 1956 injinta 948 ne, a 1962 a ka mai da shi 1,098, amma sunan bai motsa ba. Ka ga motoci biyu masu suna ɗaya, fistan ɗin wannan ba ya yi wa waccan aiki.

Dalili na biyu, wani sunan ba girma ya ke faɗi ba sam, haraji ne ya haife shi. Daga 1921 hukumar Ingila tana karɓar fam guda a shekara bisa ko wane "doki" na mota. Ga yadda su ke ƙirga dawakin: a auna faɗin silinda da inci, a riɓa shi da kansa, a riɓa da yawan silindoji, a raba da biyu da rabi. Ku lura, ba su kula da nisan tafiyar fistan ba ko kaɗan. Da maƙera su ka ga haka, sai su ka riƙa yin silinda tsukakkiya mai zurfi, don haraji ya yi sauƙi. Shi ya sa Morris 8 ta ke amsa sunan doki takwas, faɗin silindarta milimita 57, tafiyar fistan har 90, girmanta 918, alhali ƙarfinta na gaskiya ya haura doki ashirin. A 1947 a ka daina wannan ƙirga ga sababbin motoci, amma sunayen sun zauna a bakin mutane.

Dalili na uku shi ne mafi girma. Motar da ta shekara hamsin ko sittin ta bi ta hannun kanikawa da yawa. Mai yiwuwa ne an ɗauke injinta na asali an ɗora wani, ko an bar gangar jikinsa an sāke kayan ciki. Takardar mota kuwa ba ta san an yi ba.

Saboda haka ni matakai uku na ke ba da shawara a bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na ɗaya, a nemi lambar inji, watau wadda a ka buga a jikin ƙarfen injin kansa, ba ta jikin mota ba. A wanke wurin da kananzir, a goga alli, haruffan su fito. A Volkswagen tana ƙarƙashin ƙafar da ke ɗauke da janareto. Tun daga 1965 su kan fara ta da harafi: D na nufin 1200, F 1300, H 1500, AD kuwa 1600. In ka ga wurin ya yi santsi kamar an bi shi da zarto, ko haruffan sun karkace ba su daidaita ba, to, ka yi hattara. Amma ko lamba lafiyayya ce, abin da ta ke gaya maka shi ne yadda injin ya baro masana'anta. A Volkswagen silindoji ba a haɗe su ke da gangar inji ba, ana zare su ɗaya ɗaya. Bakanike na iya sāke silinda da fistan da kan inji, 1300 ta koma 1600, harafin F na nan zaune abinsa.

Na biyu, a auna tafiyar fistan. A cire wayar batir, a kwance fulogi duka don inji ya juyu da sauƙi. A zura siririn sanda mai ƙwari ta ramin fulogi har ya taɓa kan fistan. Wani ya riƙa juya inji da hannu sannu sannu. Inda sandan ya gama nutsewa a yi alama, inda ya gama tasowa a yi wata. Tsakanin alamun nan biyu shi ne tafiyar fistan. Kada a yi da abin da zai karye ya faɗa ciki, don fitar da shi sai an kwance inji. Kuma in ramin fulogi a karkace ya ke, awon ba zai fito daidai ba, sai dai ya ba ka kusa. Duk da haka yana da amfani: tafiyar fistan a Volkswagen 1200 milimita 64 ce, a sauran ukun 69, a Morris ɗin farko 76, a ta biyu kusan 84.

Na uku, wanda ba ya ƙarya, a ɗage kan inji a auna faɗin silinda da ma'aunin ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu, wanda ke nuna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Gani ya kori ji. A kankare baƙin da ya daskare bisa fistan kuma a duba. In an ga STD, silinda tana nan yadda a ka ƙera ta. In an ga 020 ko 030 ko 040, an taɓa yashe ta don ta cinye, an sa fistan mai kauri. Lambar tana faɗin abin da a ka ƙara ne cikin kashi dubu na inci. Ƙarin 040 bai fi milimita ɗaya da ɗan kaɗan ba, amma a Morris mai 948 yana ƙara wajen si-si 30.

Yanzu sai lissafi. A mai da awon santimita. A raba faɗin silinda biyu, a riɓa rabin da kansa, a riɓa da 22 bisa 7. Wannan ya ba mu filin da'irar. A riɓa shi da tafiyar fistan, a sami cikin silinda ɗaya. Sa'an nan a riɓa da yawan silindoji.

Bari mu gwada da Peugeot 404 mai shan fetur, wadda ta fito a Faransa a 1960, wadda kuma direbobinmu su ka daɗe suna yabo. Faɗin silindarta santimita 8.4, tafiyar fistan 7.3, silindoji huɗu. Rabin 8.4 shi ne 4.2. In an riɓa 4.2 da kansa, 17.64. A riɓa da 22 a raba da 7, sai mu sami 55.44. A riɓa da 7.3, ya zama 404.7. Sau huɗu, 1,618 da 'yan kai, daidai da abin da masu ita su ka rubuta. Wani zai ce, ashe daga nan ta samo sunanta, tun da ko wace silinda 404 ce! A'a, katari ne kawai. Lambobin Peugeot jerin ƙira su ke nunawa: 403 da ta riga ta 1,468 ce, 504 da ta biyo baya ta fara da 1,796, daga bisani a ka yi mai 1,971.

Amfanin wannan sani a fili ya ke. Mai saye ba zai biya kuɗin babba ya koma gida da ƙarami ba. Mai gyara zai sayo fistan da zobba daidai da ramin da ke gabansa. Kuma in an ƙara wa inji girma a ka bar masa kafiretan ƙarami ba a gyara ba, mai zai iya yi masa kaɗan, ya riƙa zafi har ya ƙone bawul.

Mu kuwa malaman gobe, ga darasi ya zo mana har gida. Yaro ya kan tambaya, "Malam, ina amfanin 22 bisa 7?" Ka aro tsohon fistan da silinda a wurin bakanike, ka ɗora bisa tebur, ka ba yara ma'auni su auna da hannunsu. Abin da hannu ya taɓa ya fi zama a ka.

Ga aiki na bar muku. An kawo Volkswagen mai silinda huɗu, lambar injinta ta fara da F. Da a ka buɗe, sai a ka tarar faɗin silinda santimita 8.55, tafiyar fistan 6.9. Nawa ne girman injin, kuma me bakanike ya yi masa? Wanda ya samo amsa ya miƙa wa Edita.