Neman Aikin Kwamfuta: A Nan Kunya Ba Ta Da Rana

Tun da kamfanin Google ya buɗe cibiyar bincike a Akara cikin 2019, 'ya'yanmu na zango da suka karanta ilmin kwamfuta suka fara hangen aikin injiniyan manhaja a manyan kamfanoni. To amma takardar digiri kaɗai ba ta shigar da mutum. Sai an zauna da shi an gwada shi.

Da farko jami'in ɗaukar ma'aikata zai kira mai nema ta waya. Daga nan sai wani injiniya ya ba shi matsala, ya warware ta cikin kamar minti 45 yana rubuta umarnin kwamfuta. In ya tsallake, sai a shirya masa zama huɗu ko biyar, kowane da mai tambaya daban. A Google, wani kwamiti ne wanda bai gana da shi ba ke duba rahotanninsu ya ba da shawara.

Ga misalin tambaya: an ba ka jerin lambobi, nemo biyu da za su ba da wani jimla idan aka haɗa su. Ka gama, sai a ce, to in lambobin sun kai miliyan fa? Abin da ake son gani shi ne yadda kake tunani. Saboda haka dole ka riƙa magana kana aiki, ka tambayi abin da bai fito fili ba, ka faɗi dalilin da ya sa ka bar wata hanya ka kama wata.

A nan ne gizo ke saƙa. Mun tarbiyyantar da yaranmu su sunkuyar da kai gaban babba, mu malamai kuma mun saba yaba wa mai hadda. Yaron da ya yi shiru minti 10 don ladabi, mai tambaya zai ɗauka ya kasa ne.

Ba mu ce a yar da ladabi ba. Amma iyaye da malamai, mu bar yara su yi tambaya, mu sa su bayyana yadda suka sami amsa. Masu shirin nema kuwa, ku riƙa zama biyu-biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na warwarewa da baki, har harshe ya saba. Da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba da sa'a.