Ƙari a jijiyar kunne: kafin fiɗa da bayanta

Akwai wani ƙari da ke tsirowa a jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa. Ba ciwon daji ba ne. A hankali yake girma.

Kafin fiɗa, kunne ɗaya ke rage ji, yana ƙugi, ga jiri wajen tafiya. In ƙarin ya girma, sai ya danne ƙwaƙwalwa.

Lokotoro na gano shi da hoton kai. Ƙarami, akan sa masa ido. Babba, sai fiɗa.

Bayan fiɗa, ƙwaƙwalwa ta huta. Amma galibi jin kunnen ba ya dawowa. Jiri kan yi makonni, tattaki kullum na rage shi. Wasu bakinsu kan karkace, don jijiyar fuska na kusa.

Jama'a, in kunne ɗaya ya daina ji, a je likita da wuri.