Daga Ƙasar Kanta Zuwa Duwatsun Azbin

Duk inda aka yi zancen wuraren ibada na bisa duwatsu, hankali kan tafi nesa. Wasu su tuna Debre Damo a Habasha, inda ruhubanawan Kirista ke zaune tun ƙarni na 6 a kan tsaunin da ba a hawansa sai da igiyar fata. Wasu su tuna gidan ruhubanawan da ke gindin Dutsen Sina'i a Masar, wanda har masallaci akwai a cikinsa. Amma mutumin Birnin Kabi ko Argungu ba sai ya hau jirgi ba. Nasa na arewa da shi, a duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar, kuma tsakaninsa da su akwai tsohuwar sanayya.

Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ji labarin jarumtar Muhammadu Kanta da ganuwar Surame. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, daga Azbin 'yancin Kabi ya samo asali. Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas wajen 1515. Bayan an dawo rabon ganima ya raba su, Kanta ya yi tawaye, Songhai kuwa ta kasa maido shi. Ga kuma tarihin baka da ke cewa Gobirawa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, ga ayarin Abzinawa da ya shekara aru-aru yana kawo gishirin Bilma yana komawa da gero.

Hanyar yau kan bi ta Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak. Tun daga Tawa gonaki ke fara janyewa, ƙaya da raƙuma su karɓe wuri, har a hango hasumiyar babban masallacin Agadas, ginin laka mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Da malamin ya ɗaura niyyar hajji, Shehu ya juyo gida, don mahaifinsa bai yi masa izinin wucewa ba.

Yawancin baƙi a Agadas suke tsayawa, su ɗauki hoto su juya. A ganina sun bar kan maganar a baya, domin tana cikin duwatsun da ke arewa da garin.

Can ne Sidi Mahmudu Albagdadi ya yi zamaninsa, wanda galibin masu tarihi ke sawa a ƙarni na 16. Sufi ne da ya zo daga gabas, ya tara almajirai daga cikin Abzinawa, ya hore su da zikiri da halwa. Malaman fadar Agadas ba su ji daɗin yadda jama'a ke tururuwa wajensa ba, suka kai ƙararsa ga sarki, daga ƙarshe aka kashe shi a Agalanga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinsa a Infaƙul Maisuri, alamar cewa malaman Sakkwato da Gwandu sun san da shi sarai. Baturen nan Barth, da ya ratsa Azbin a 1850, ya ga wani filin salla da aka kewaye da duwatsu ana kiransa da sunan Albagdadi, matafiya ba sa wuce shi sai sun tsaya sun yi salla.

Wanda ya je yana sa ran ganin manyan gine-gine zai sha mamaki. Tsofaffin masallatan Azbin, irin na Abatol da Tefis, ƙanana ne, an jera duwatsu an liƙe da laka. Rufin ƙasa-ƙasa ne, sai mutum ya sunkuya zai shiga, idonsa ya ɗauki lokaci kafin ya saba da duhun ciki. A ƙasa yashi ne. A waje kuwa baƙaƙen duwatsu ne ta ko'ina, mafi tsayinsu a tsaunin Bagazam, mai mita 2,022, inda sunan dawakin nan da sarakunan Hausa ke taƙama da su ya fito. Hatta Asode, tsohon birnin da ayari ke sauka, yau kufai ne.

Bambancin waɗannan wurare da na Habasha a fili yake. Ruhubanin Debre Damo ya bar aure da gida har ƙarshen ransa. Musulunci bai yarda da wannan ba. Mai halwa kwanaki yake yi, galibi arba'in, ya rage ci da barci da magana, sannan ya fito ya koma ga iyalinsa da awakinsa. Shi ya sa lokacin da Malam Musa Abatul ya farfaɗo da ɗariƙar Halwatiyya a yankin Tabelot cikin ƙarni na 20, da noman lambu ya haɗa ta. Manomin fadamar Argungu zai gane kansa a waɗannan lambuna, sai dai a can, a al'adance, raƙumi ko sa ne ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa ga albasa, dabino da rumman.

Tafiyar dai ta yi wuya a 'yan shekarun nan. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ga matsalar tsaro a hanya. Mai niyya ya tanadi takardunsa, ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kafin ya tashi, ya nufi lokacin sanyi da bargo mai kauri, kuma kada ya shiga duwatsun ba tare da ɗan ƙasa ja-gora ba.