Iguwana Da Haƙƙinta A Kan Wanda Ya Ceto Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa a kan wata dabba ce da ake kira iguwana, da yadda ake kula da ita idan an karɓo ta daga hannun wanda ya kasa riƙonta. Ka sani cewa wannan dabba ba ta kuka, ba ta nishi, ba ta da wata hanya ta faɗa maka tana jin ciwo. Sai ta shekara tana rashin lafiya mai ita bai sani ba. Saboda haka tausayi kaɗai ba ya isarta, dole sai an haɗa da sani.

Mece Ce Iguwana?

Iguwana babbar ƙadangaruwa ce, koriya, mai jerin ƙayoyi a gadon baya da wata fata mai reto a ƙarƙashin haɓa. Asalinta dazuzzuka masu zafi da ruwan sama, tun daga Meziko har zuwa Birazil, kuma mafi yawan rayuwarta a kan itatuwa take yi, kusa da ruwa. Idan ta girma tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi ko ma mita 2, kashi biyu cikin uku duk wutsiya ce. Idan ta samu kulawa takan rayu shekara 15 zuwa 20.

Wanda ya ga hotonta zai ce damo ne ko guza. To, nan ne kuskure yake fara shigowa. Damo yana cin ƙwari da dodon koɗi, guza yana cin kifi da kwaɗi da ƙwai. Ita kuwa iguwana ganye take ci. Wanda ya ciyar da ita abincin damo kashe ta zai yi sannu a hankali.

Dalilin da ya sa ake samun ta a wulaƙance shi ne, a Amurka da Turai ana sayar da ita tun tana ƙarama, ba ta wuce tsawon taƙi ɗaya ba, sai mutum ya saya wa yaransa. Bayan shekara 3 ko 4 sai ga dabba ta fi mita ɗaya, ga farce, ga haƙora, keji ya yi mata kaɗan. Wasu sai su miƙa ta ga gidajen ceton dabbobi, wasu kuma su yar da ita. A jihar Fulorida ta Amurka an fara ganin iguwana a sake tun shekarun 1960, ta hayayyafa har ta zama annoba ga lambuna da gaɓar magudanan ruwa, kuma a shekarar 2021 hukumar jihar ta hana sabon mallakarta a matsayin dabbar gida. Ka ga ke nan sakinta a jeji a ƙasar da ba tata ba ba taimako ba ne.

Kwanakin Farko

Idan ta zo hannunka, abu na farko shi ne ka ƙyale ta. Ka ajiye ta a wuri mai shiru, nesa da kyanwa da kare da hayaniyar yara, ka rufe ɓangare ɗaya na kejin da zane don ta samu maɓoya. Kada ka riƙa ɗaukarta a mako na farko da na biyu. Mai yiwuwa ta ƙi cin abinci na 'yan kwanaki saboda baƙunta. Ka ci gaba da ajiye mata sabo kullum da safe, ka kwashe da yamma.

Na biyu, ka kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san halittu masu ja da ciki, ka tafi da ɗanyen kashinta a duba ko da tsutsa. Kafin nan ka duba ta da idonka. Shin muƙamuƙinta ya kumbura ko ya yi laushi? Ƙafafunta suna rawa? Akwai tabon ƙuna a cikinta? Akwai ƙananan ƙwari masu kama da ƙuma a gefen ido ko tsakanin ƙayoyi? Idanunta sun faɗa, fata ta yanƙwane? Duk abin da ka gani ka faɗa wa likita. Idan kana da wata dabba irinta, kada ka haɗa su, balle maza biyu, domin faɗa za su yi har jini.

Idan ta rame ƙwarai, kada ka cika mata ciki rana ɗaya. A fara da ɗumi da ruwa, sa'annan abinci kaɗan-kaɗan, domin jikin da ya daɗe da yunwa yana iya cutuwa da ƙoshin gaggawa.

Ɗumi Kafin Abinci

Jikin iguwana ba ya samar wa kansa ɗumi kamar namu, daga waje take samu. Ganyen da ta ci kuwa wasu ƙananan halittu ne a cikin hanjinta suke narkar da shi, su kuma ba sa aiki sai da zafi. Saboda haka idan wuri ya yi sanyi, abinci zai zauna a cikinta bai narke ba, ko kuma ta daina ci ɗungum. A watan Janairu na 2020 hukumar hasashen yanayi a Mayami ta gargaɗi mutane cewa iguwanoni za su riƙa faɗowa daga itatuwa saboda sanyi ya sandarar da su.

Ka shirya mata wurin shan ɗumi a kan reshe ƙarƙashin fitila, zafinsa ya kai digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos. Sauran kejin ya zama kamar 27 zuwa 30 don ta samu inda za ta huce, da dare kuma kada ya gaza 24. Ka sa ma'aunin zafi, kada ka yi kirdado. Ka sa wa fitila kariyar waya, kuma ka guji duwatsun lantarki da ake sayarwa don ɗumama ciki, domin takan kwanta a kansu har ta ƙone ba ta motsa ba.

Keji na babba tsayinsa kada ya gaza mita 2, da rassa masu kauri na hawa. Ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Yashi da dusar katako haɗari ne, takan lasa su toshe mata hanji.

Hasken Rana

Wannan ita ce babbar mas'ala. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, masana suna kiransa UVB. Idan ya taɓa fatarta sai jiki ya samar da bitamin D3, da shi ne hanji yake tsotsar kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Idan babu hasken, sai jiki ya koma yana ɗiban kalsiyam daga ƙasusuwa, har muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, ƙafafu su kumbura, baya ya karkace, ƙashi ya karye da ɗan tsalle kaɗan. Mai ita ya ga ƙafafu sun yi kauri ya ce ƙiba ce, alhali cuta ce. Wannan ciwo yana daga cikin waɗanda aka fi gani a jikin iguwanar da aka ceto.

Tanbihi: wannan haske ba ya ratsa gilashi. Ajiye ta bakin tagar gilashi bai wadatar ba. Ko dai ta sha rana kai tsaye cikin kejin waya mai inuwa a gefe, ko a sa mata ƙwan fitila na musamman na UVB awa 10 zuwa 12 kullum. A sauya ƙwan bayan wata 6 zuwa 12 ko da yana ci, domin ɓoyayyen hasken yana ƙarewa kafin na fili. Kada kuma ka fitar da ita rana a cikin akwatin gilashi, zafi zai taru ya halaka ta.

Abincinta

Mafi yawan kwanonta, kamar kashi 8 cikin 10, ya zama ganye mai duhun kore. Masu kiwonta a Amurka sun fi dogara da wani ganye ɗan'uwan kabeji wanda ba ya dunƙulewa. Ganyen zogale ma yana da kalsiyam mai yawa. Sai a haɗa da kabewa, da kuɓewa, da ɗanyen wake, da ɗan karas da aka goge. 'Ya'yan itace kamar gwanda da mangwaro da kankana kada su wuce kashi 1 cikin 10, marmari ne kawai. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu a cikin abinci. Likita zai faɗa maka yawan garin kalsiyam da za ka barbaɗa.

Abin da za ka nisanta mata: nama, ƙwai, madara, ƙwari, da abincin kare ko na kyanwa. Za ta ci idan ka ba ta, har ta yi saurin girma, amma daga baya ƙodarta ta lalace. Kada ka ba ta fiya, tana da guba ga dabbobi da yawa. Latas fari kusan ruwa ne zalla, ba ya gina jiki. Alayyafo da kabeji a ba ta jefi-jefi, domin alayyafo yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, yawan kabeji kuma yana taɓa maƙoshi.

Iguwana ba ta tauna, yanka take yi ta haɗiye. Sai ka wanke ganye, ka yayyanka ƙanana, ka cakuɗa don kada ta tsince mai zaƙi ta bar saura. Wadda ta saba da mummunan abinci za ta yi gardama. Ka riƙa rage tsohon kana ƙara sabon har ta saba.

Ruwa Da Laima

Ka ajiye mata ruwa mai tsabta a faffaɗan kwano, ka sauya kullum domin takan yi kashi a ciki. Tana son iska mai laima, kamar kashi 70 cikin 100, don haka ka riƙa fesa mata ruwa safe da yamma. Wuri mai iska irin ta hunturu, sanyi da bushewa tare, yana wahalar da ita ƙwarai. Jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, iya kafaɗarta, na minti 15 zuwa 20 yana taimaka mata wajen saɓa. Ka lura da yatsu da bakin wutsiya, domin tsohuwar fata takan maƙale ta shaƙe jini har yatsa ya mutu. Idan ka ga tana atishawa, farin gishiri yana fita daga hancinta, kada ka tsorata, haka take fitar da gishirin da ya yi mata yawa. Mace kuma takan ɗauki ƙwai ko da babu namiji. Idan ta daina ci tana tone-tone, ka sa mata akwatin ƙasa mai danshi, in ta kasa zubarwa ka hanzarta zuwa ga likita.

Yadda Ake Taɓa Ta

A tsakiyar kanta akwai wani ɗan tabo mai jin haske da inuwa, da shi take gane shaho ya taso mata daga sama. Saboda haka ka je mata ta gefe, a hankali, ka tallafi ƙirji da ƙugu. Kada ka kama wutsiya, takan tsinke ta bar maka. Idan ta buɗe fatar haɓa, ta kumbura jiki, tana kaɗa wutsiya, gargaɗi ne, ka ja da baya. Bulalarta tana da zafi, cizonta yana yanka. Sabo yana ɗaukar watanni.

Sa'annan ka sani tana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinta ko da tana da lafiya, ita kuwa tana sa zazzaɓi da gudawa. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, kada a wanke kwanonta inda ake wanke na abinci, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa ta.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, ka san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abinci ba. Duk dabbar da ka rufe wa ƙofa, cinta da shanta da ranarta sun koma wuyanka. Ka auna kanka tun kafin ka karɓa: kana da wuri, da kuɗin fitila da na likita, da haƙurin shekara 15? Idan babu, ka miƙa ta ga wanda zai iya, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa ka karɓa, to ka fara da ɗumi da rana da ganye, ka bi ta a sannu.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana. Wassalamu alaikum.