Yaron da Ba a Amsa Kukansa Ba, Idan Ya Riƙe Alƙalami

Da an kammala girbi a ƙauyukan Karaye da Rogo, sai ka ga ana ɗora yara a mota za a kai su almajirci, wasu ko haƙoran yarinta ba su gama famfara ba. Mun saba lissafa abin da suke rasawa na ci da sutura, amma ba mu cika tambayar irin zaton da za su tashi da shi game da mutane ba. A rahoton da likita John Bowlby na Ingila ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, ya nuna cewa yaro na buƙatar babba guda da yake amsa masa kullum kafin ya koyi yarda da kowa. Binciken da aka fara a birnin Bukares na Romaniya a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu ya ƙarfafa wannan: waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi shaƙuwa da masu renonsu.

Idan irin wannan yaro ya zama marubuci, rashin yardar kan bi shi cikin littafi. Jonathan Swift, wanda aka haifa a Dublin a 1667, bai tarar da mahaifinsa a raye ba, uwarsa kuma ta koma Ingila ta bar shi wurin baffansa. A littafinsa na tafiye-tafiyen Gulliver na 1726, dawaki ne masu hankali, mutane kuwa ƙazaman dabbobi. Ba na ganin wannan dace ne kawai.

Wani zai ce ai riƙo da almajirci sun fitar da manyan malamai, kuma marubuciya Balaraba Ramat Yakubu, da aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ba ta yanke ƙauna ba, tunda a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ta miƙe da ƙafarta. Gaskiya ne, sakaci ba ya yanke wa kowa hukunci. Sai dai riƙon da ya yi albarka shi ne wanda goggo ko kaka ta san yaro ya ci ko bai ci ba. Malamin da aka jibge wa yara fiye da ƙarfinsa, ba hatsi ba kuɗi, ba zai iya yi wa kowannensu haka ba, kuma iyayen da suka sa yaron a mota sun sani.